Janar da Ɗorawar Inna Dije

Na san abin da ake gaya muku a kaina, don haka kada wani ya sunkuyar da kai. Hadiza ta taɓa dawowa daga wani biki a Gwaram idonta jawur, wai wata tsohuwa ta nuna ta da baki ta ce ga 'yar mutumin da ya ci amanar Janar. Ba ta tambaye ni ba, ni ma ban ce mata komai ba. Yanzu da gwiwa ta ƙi, ido ya fara gardama, gara in rubuta muku yadda abin ya faru, ku ji daga bakina. Ba zan kama sunan mutumin ba, 'ya'yansa suna nan da ransu. Janar muke ce masa, Janar zan ce masa.

A shekarun da kuɗin mai ya shigo ƙasar nan, ni malamin gona ne a Gwaram. Lokacin nan duk Jihar Kano muke. Samari sun watsar da fartanya sun tafi birni dakon siminti, mu kuwa muna yawo a kan babur muna roƙon mutane su karɓi takin zamani. Ana cikin haka aka ce wani babban soja ya yi ritaya, ya kama gida a Birnin Kudu, ya kuma sami fili babba a gefen Farin Dutse, garinmu, zai yi noma. Aka tura ni in duba masa ƙasa. Na tarar da dogon mutum, baƙi, mai furfura a gefen kunne, yana tsaye a tsakiyar fili da gajeren wando kamar ɗan makaranta. Ya yi mini tambaya uku, na amsa, ya ce in ajiye aikin gwamnati in zo in riƙe masa gona. Bai ce in je in yi shawara ba, ni kuma ban ce zan yi ba. Cikin wata guda makullan sito suna aljihuna.

Ku sani, mutumin kirki ne. Wannan ba kara nake yi masa ba. Tare muke cin tuwo a kwano ɗaya a gindin wata tsamiya, shi da ya yi wa dubban mutane umarni. Bai taɓa tauye wa lebura haƙƙinsa ba, bai taɓa yi mini ƙarya ba. Ranar da mahaifiyarku ta kwana biyu tana naƙudar Hadiza, damina ta yanke hanya, babu motar da za ta shiga Farin Dutse, shi ya zo da kansa da hantsi a cikin jif ɗinsa. Ya tuƙa cikin taɓo har Birnin Kudu, ya tsaya a ƙofar asibiti da wando jiƙe har aka fito aka ce an sauka lafiya. Wanda duk ya ce muku na manta da wannan, ƙarya yake yi.

Shekarar farko, da ciyawa ta fi ƙarfin leburorinmu, na ba shi shawara ya kira gayya. Na yi masa bayani cewa a wajenmu in aiki ya fi ƙarfin mutum, sai ya gayyaci gari, a zo da fartanya da kiɗa a yi masa a yini ɗaya, shi kuma ya ciyar. Abin ya ba shi sha'awa ƙwarai. Aka zo, aka yi, aka ci nama har aka bari. Da yamma ya tambaye ni yadda ake rama irin wannan alheri. Na ce ai in wani ya kira tasa gayyar, kai ma sai ka je. Ya yi dariya ya ce shi da fartanya sai dai kallo, amma yana da abin da ya fi fartanya ɗari. Da bazara ta zo, sai ya aika da tarakta ta kafce wa mutanen da suka zo masa gonakinsu kyauta, aka fara da unguwarmu.

To, nan aka yi ɓarnar. Gonakinmu ba su da shinge. Iyakar kowa layin gamba ne da kakanni suka dasa, wani wuri kuma dutse, wani wuri kututture. Layin nan a karkace yake, yana lanƙwasa yana dawowa, kuma kowace lanƙwasa da dalilinta, tsofaffi sun sani. Direban tarakta baƙo ne, ɗan birni. Shi ciyawa ya gani. Kafin azahar ya haɗe gonar Baba da ta maƙwabcinmu Malam Buba da ta Inna Dije, matar ƙanen Baba mai rasuwa, sun zama fili ɗaya sumul. Baba da Malam Buba, waɗanda suka yi shekara arba'in suna sahu ɗaya a masallaci, suka tsaya suna nuna wa juna yatsa.

Da labari ya kai wa Janar, ransa ya ɓaci, ya ce laifinsa ne, shi zai gyara. Washegari ya zo da igiyar awo da turakun siminti a bayan mota. Ya tambayi kowa girman gonarsa, ya lissafa a takarda, ya ja layi miƙaƙƙe kamar na filin fareti. Wallahi babu wanda aka rage wa ko taku ɗaya. Sai dai akwai wata tsohuwar ɗorawa da take cikin wata lanƙwasa a gonar Inna Dije, kuma layin Janar ya jefa ta cikin rabon Malam Buba. Inna Dije ba ta da ɗa namiji. Da kalwar ɗorawar nan take yin daddawa ta kai kasuwar Gwaram, da ita take sayen gishiri da sabulu da zanen sallah. Tana tsaye a wurin da mayafinta, ta dubi bishiyar, ta dube ni. Ni ne nake riƙe da ɗaya bakin igiyar. Janar ya ɗaga murya ya ce:

"Akwai mai magana?"

Baba ya ce, "Babu, ranka ya daɗe. An gode."

Malam Buba ya ce an gode. Inna Dije ta durƙusa ta ce Allah ya ƙara girma. Ni ma na ce an gode, na naɗe igiya na sa a mota. Haka muke. Babban mutum ya taso tun daga Birnin Kudu don ya yi maka gyara, ya tsaya a rana, sa'an nan ka buɗe baki a gaban jama'a ka ce ya yi kuskure? Ba a yi mana irin wannan tarbiyya ba. Da lokacin ɗorawa ya zagayo, 'ya'yan Malam Buba suka hau ɗorawa suka kaɗe ta tas. Inna Dije ta koma sayen kalwa a kasuwa, daga baya ta daina daddawar gaba ɗaya. Kullum ina cewa gobe zan gaya wa Janar in mun zauna cin tuwo, kullum in na ɗago kai na ga fuskarsa sai in fasa. Haka aka ci shekara biyu.

Sai ga shekarar da soja suka ce za su miƙa mulki, aka buɗe siyasa. Jam'iyyu suka yi ta tsirowa kamar ciyawar farkon damina, kowane mai babbar riga da tasa. Wata daga ciki, wadda wani lauya ɗan kudu yake jagoranta, ta sami karɓuwa a wajen 'yan kasuwa da masu motocin haya na yankinmu. Lauyan zai nemi shugaban ƙasa, yana bukatar mataimaki daga arewa. Sunaye biyu aka ajiye: wani likita, da Janar ɗinmu. Aka naɗa dattawa biyar su bincika, shugabansu wani Alhaji Mamman, mai motocin haya, haifaffen Birnin Kudu da yake zaune a Kano. Shi ya aiko mini cewa ranar Asabar suna son ganina, tunda babu wanda ya san zaman Janar da talakawa kamar ni.

Janar ya san an kira ni. Ya dafa kafaɗata ya ce in faɗi gaskiya kawai, ba ya son a shafa masa mai. Yana faɗa yana murmushi, don bai san akwai wata gaskiya da za ta cuce shi ba. Na lura tun da aka fara maganar nan ya canza. Ya sa an ɗinka masa manyan riguna, yana tambayata yadda ake gaida sarakuna. Mutumin nan gona ba ta ishe shi ba, kewar aiki take cinsa, kuma ya yi imani zai iya gyara ƙasar nan.

Na tafi gida da abin a raina. Mahaifiyarku tana tankaɗe, Hadiza tana goye a bayanta. Da na gaya mata abin da nake juyawa, sai ta ajiye rariya.

"Malam, kana da hankali kuwa? Dubi abin da yake bayana. Da ba don Allah ya kawo mutumin nan ba, da ni da ita muna ƙarƙashin ƙasa. A kan bishiya za ka tozarta shi?"

Na ce ba bishiya ba ce, hali ne. Ta ce ita ba ta san wannan ba, ta san wanda ya tsaya a ƙofar asibiti. Ta ɗauki rariyarta, ba ta ƙara kallona ba har na fita.

Na sami Baba a zaure yana gyaran ƙotar gatari. Ni ɗan farinsa ne, bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce malamin gona. Ya saurare ni har na gama, bai ɗago ba.

"Malamin gona, shi mataimakin nan, in shugaban ya mutu, wa zai hau?"

Na ce shi.

"To ƙasa za a ba shi ke nan. Mu gona uku ya raba mana, ka ga yadda aka ƙare. Bai zalunci kowa ba, amma bai san abin da ya taka ba. In an tambaye ka don Allah, ka amsa don Allah. In ba za ka iya ba, ka ce ba ka da lafiya."

Da ma na ce ba ni da lafiya! Amma ni a lokacin ina ji da kaina, ina ganin ni mai gaskiya ne, kuma maganar Baba ta yi daidai da abin da yake cina. Mun gaji da umarni. Shekaru muna tashi da safe mu ji a rediyo an yanke mana yadda za mu rayu. Na ce a raina, in farar hula za su karɓi mulki, me ya sa za a sake ajiye mana mai igiyar awo a bayan kujera?

Ranar Asabar na hau babur na tafi Birnin Kudu. A zauren gidansu Alhaji Mamman aka zauna, an shimfiɗa darduma, ga goro a faranti. Na tarar suna ta muhawara tun kafin in zauna. Wani ya ce soja ne zai sa sauran sojoji su ji kunyar yin juyin mulki. Wani ya ce a'a, mutane sun ƙoshi da kaki, ko an rufe shi da babbar riga za su gane shi. Wani ya ce mutanen gabas ba za su manta da yaƙi ba. Alhaji Mamman ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya juyo gare ni.

"Malam Isa, ba mu kira ka don ka yabe shi ba, masu yabo sun yi yawa. Abu ɗaya muke so. Mutumin nan, yana jin maganar na ƙasa da shi?"

Na fara da alherinsa, na faɗi duk wanda na sani, har da na asibiti. Na ce ba ya sata, ba ya ƙarya, ba ya tsoro. Sa'an nan na ce amma ba ya tambaya. In ya ga matsala, kafin ka gama faɗa ya riga ya yanke, kuma in ya yanke babu mai iya cewa a sake. Na ba su labarin gamba da turakun siminti da ɗorawar Inna Dije, tun daga farko har ƙarshe. Duk cikinsu babu wanda bai taso a gona ba, sun gane abin da ake nufi da a raba tsohuwa da bishiyarta. Wani dattijo ya girgiza kai ya ce, ikon Allah. Alhaji Mamman ya yi mini godiya, ya raka ni har bakin babur. A hanya ina jin kaina sakayau, kamar na sauke buhu.

Ba a yi mako ba aka ji sun tsayar da likita. Maganar zaure kuwa ba ta kwana a zaure, kun san garinmu. Ranar Alhamis da rana tsaka ina sito, sai na ji tsayuwar jif. Janar ya shigo shi kaɗai. Na zaci zai yi faɗa, na ma shirya abin da zan ce. Sai ya zauna a kan buhun masara ya dube ni, ya ce:

"Wace ɗorawa?"

Na yi masa bayani, ina in'ina. Ya saurara bai katse ni ba, abin da na rantse a gaban dattawa cewa ba ya yi.

"Ita matar tana wurin ranar?"

Na ce tana nan.

"Kai ma kana nan. Kai ka riƙe mini igiya. Na tambaya ko akwai mai magana."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba a iya faɗa maka a gaban mutane."

"To a bayan mutane fa? Shekara biyu hannuna da naka a kwano ɗaya, Malam Isa. Ka iya hawa babur ka kai wa mutum biyar a Birnin Kudu, amma ba ka iya miƙo wuya ka gaya mini a gindin tsamiya ba. Ka ce ba na ji. Yaushe ka gwada ni?"

Ya tashi ya ce in shiga mota. Muka tafi Farin Dutse, ya tsaya a ƙofar mai unguwa, ya cire takalmi, ya zauna a kan tabarma. Ya sa aka kira Baba da Malam Buba da duk tsohon da ya san gonakin nan, aka kira Inna Dije ta zauna daga bakin ƙofa. Ya ce shi baƙo ne, ya yi aikin jahilci, su koya masa. Da farko kowa yana ta a'a ranka ya daɗe, babu komai. Ya ce ba zai tashi ba sai an faɗa. Tun bayan azahar har la'asar ta yi sanyi yana zaune, ƙafarsa ta yi tsami yana gyarawa, tsofaffi suna ta kawo tarihin kowace lanƙwasa, wa ya ba wa, wa ya gada. Bai sa baki ba sai tambaya. Washegari aka tumɓuke turakun siminti, aka dasa sabuwar gamba a inda tsofaffi suka nuna, shi da kansa ya riƙe wa Inna Dije saiwar farko. Malam Buba ma, don a yi masa adalci, bai yi gardama ba. Ya ce shi da ma abin yana damunsa, kunya ce ta hana shi mayarwa.

Na koma wajen Alhaji Mamman da gudu na ce ina so in gyara maganata. Ya ce ai an riga an aika da suna Legas. Abin dariya, abin kuka, jam'iyyar ma ba ta sami rajista ba. Da aka tace, aka bar 'yan kaɗan, tamu ta watse, lauya ya koma kotunsa, likita ya koma asibitinsa. Wato kujerar da na hana Janar, babu ita ma. Amma ni ban ɗauki wannan a matsayin sauƙi ba, domin ranar da na yi maganar, da gaske na yi ta, shi ma da gaske ya ji ta.

Bai kore ni ba. Ni na kai masa makullai bayan girbi, don na kasa haɗa ido da shi. Ya karɓa ya ce Allah ya ba da sa'a. Bayan shekara ɗaya ya sayar da gonar ya koma Kaduna. Mahaifiyarku ta yi wata uku ba ta yi mini magana sai ta dole. Har ta koma ga Allah, in aka ambaci Janar sai ta tashi ta shiga ɗaki.

Na sha juya abin nan a raina. Ko ya dace da mataimakin shugaban ƙasa? Ban sani ba. Mai yiwuwa da ya hau, da manyan birni sun kewaye shi suna an gode ranka ya daɗe, kamar yadda muka yi, ya yi ta jan layi a kan mutane bai sani ba. Abin da na faɗa a zaure, rabinsa gaskiya ne: ba ya tambaya yadda za a iya amsa masa. Sauran rabin namu ne, kuma shi na ɓoye, na ɗora masa duka. Masu cewa na ci amanarsa don na yi magana ba su fahimta ba. Shirun da na yi kafin nan, shi ne cin amanar.

Sau ɗaya na sake ganinsa. Da Baba ya rasu, rana ta uku muna zaune a ƙofar gida, sai ga mota daga Kaduna. Ya tsufa, yana dogara sanda. Ya yi addu'a, ya gaisa da kowa. Da ya tashi tafiya na raka shi, muka tsaya mu biyu a jikin mota. Na ce, ranka ya daɗe, akwai maganar da nake so in yi. Ya sallami direbansa da hannu, ya jingina da ƙofa, ya juyo da kunnensa mai ji wajena, don ɗayan ya yi nauyi.

"Ina jin ka, Malam Isa. Faɗi."

Fiye da shekara goma ina tanadin kalmomin nan. In ce masa ka yafe mini, kawai. Na dubi fuskarsa, na dubi furfurarsa, sai na ji bakina yana cewa:

"Babu komai, ranka ya daɗe. An gode da zuwa."

Ya ɗan jira. Sa'an nan ya gyaɗa kai, ya shiga mota. A rediyo na ji rasuwarsa.